Ludayi Biyu na Burabisko

"Ba zan mayar ba."

A hankali Zara ta faɗa, amma ɗakin koyon girkin ya yi tsit. Millicent, ƙawarta, da ke goge bakin risho ta tsaya cak da soso a hannu.

Malama Najeeba ta ɗago kai daga kular da take danna abinci a ciki. Manyan kuloli uku ne a jere a kan teburinta, biyu sun cika har murfi na turjiya. Ta dubi ɗan kwanon silban da ke hannun Zara, sannan ta dubi yarinyar tun daga takalmin roba har zuwa bakin hijabi.

"Me kika ce?"

"Na ce ba zan mayar ba, Malama. Ludayi biyu ne kacal. Na Ya ne."

"Wace ce kuma Ya?"

"Mahaifiyata."

Wasu 'yan mata suka ƙunshe dariya a cikin hijabansu.

Ranar ce 'yan aji ɗaya suka fara girki da hannunsu, bayan sati biyar suna kwafar sunayen tukwane da cokula a littafi. An raba su rukuni shida, kowane rukuni ya zo da kayansa daga gida: shinkafa, mai, nama, kayan miya, har da kananzir. Tun ƙarfe takwas suke fama da hayaƙi da ƙunar yatsa, yawancinsu ba su karya ba saboda ɗoki. Da aka sauke, Malama ta bi tukwanen da cokali ɗaya, ta ɗanɗana, ta rubuta maki, ta ce a juye komai a kulolinta a kai but ɗin motarta. 'Yan manyan aji sun riga sun gaya musu haka ake yi. Zara ta ji, ta ɗauka tsokana ce irin wadda ake yi wa sababbin shiga.

"Duk abin da aka dafa a ɗakin nan na makaranta ne," in ji Malama. "Wadda ta ɗiba ba izini kuwa, sata ta yi."

"Tsakin daga gidanmu na zo da shi. Man ma namu ne."

Millicent ta taka mata ƙafa a ƙarƙashin tebur, Zara ba ta ko waiwaya ba.

Malama ta ajiye ludayi, ta goge yatsunta ɗaya bayan ɗaya. "Tsaya tukuna. Ba ke ce 'yar mai awarar nan ta bakin get ba? Babarbariyar nan?"

Zara ta gyaɗa kai.

"To madalla. Ni nake riƙe da kwamitin masu sayar da abinci, alfarma aka yi mata aka ba ta gindin bishiyar nan. Ranar Litinin a asembili za ki durƙusa gaban kowa, ki ce kin saci abincin makaranta, ki nemi gafara. In ba haka ba, uwarki ta nemi wata inuwar." Ta mayar da hankalinta kan kula. "Riƙe kwanonki. A ci lafiya."

* * *

Shekarun Zara goma sha biyar, ta girmi kowa a ajin da shekara uku, ta kuma fi kowa tsawo. Waɗannan shekaru ukun a hanya suka zube, tsakanin garinsu na Barno da aka ƙone, da sansanin da suka zauna, da ɗaki ɗayan da suka samu a unguwar Manawashi. Mahaifinta ya ce su yi gaba zai biyo su. Har yanzu mahaifiyarta, Ya Fanna, takan ɗaga kai in ta ji sallamar baƙon namiji a ƙofar gida.

Satin farko a makaranta 'yan aji suka sa mata suna Antin Aji. Ta ƙi amsawa, ta ƙi yin kuka, ta zauna a kujerar baya tana rubutu kamar mai sassaƙa. Millicent kaɗai, wata 'yar Tangale mai yawan surutu, ta jawo kujerarta kusa da ita ta ce, "Ke dai doguwa ce, ki riƙa kare mini rana." Daga nan suka ƙulla.

Da aka ce kowane rukuni ya zaɓi abincin gida, Zara ta ce burabisko za su yi, ta ɗauki nauyin tsaki da mai. Ya Fanna ba ta yi musu ba. Ta tsiyaye rabin man suyarta a kwalba, ta zaunar da 'yarta gaban madambaci ta nuna mata yadda ake turara tsaki sau biyu, yadda ake juye shi a faranti a murje da tafin hannu tun da zafinsa, har ya warware ɗaya bayan ɗaya.

"A gidanmu," ta ce da ita da Barbarci, "girkin farko na yarinya uwarta ke fara kai shi baki, ta sa masa albarka. Ni uwata ta ci nawa. Nata ma kakata ta ci." Ta ciro ɗan kwanon silba daga ƙasan akwati, ɗaya daga cikin 'yan abubuwan da suka tsira da su. "Ko loma ɗaya ce, ki kawo mini."

Shi ne kwanon da Zara ta fito da shi yanzu a ƙarƙashin hijabi, ɗuminsa na ratsa cikinta, ta nufi get bayan an tashi.

Ya Fanna na zaune gindin dalbejiya, a bayan ɗan teburinta, tana kwashe ragowar awara daga kasko. Malam Yuguda mai gadi, wani dattijon Bafulatani mai farin gemu, yana tsaye a kanta da sandarsa, suna sana'ar tasu ta kullum.

"Ke Babarbariya, yau ma ba ki biya ubangidanki harajinsa ba."

"Ubangida da yunwa? Je ka tatso saniyar da ba ka da ita."

"Allah ya shirye ku. Ku dai ba ku iya komai ba sai turare da rowa." Ya miƙa hannu, ta ɗora masa awara biyu a takarda, ta barbaɗa yaji. Haka suke kullum tun ranar da ta fara kafa murhu a wurin.

Da ta hango kwanon, Ya Fanna ta wanke hannu sau biyu. Ta buɗe, ta shaƙi tururin, ta yi bisimilla. Zara na tsaye tana kallon muƙamuƙin uwarta na motsi a hankali. Maganar Malama na nan a bakinta, ta taru kamar yawu.

"Gishiri ya ɗan yi baya," in ji Ya Fanna. Ta sake ɗiba. Idonta ya ciko. "Amma ya warware. Hannun kakarki ne wannan. Allah ya yi wa hannun nan albarka, ya sa ki ciyar da mutane, kada ya sa ki roƙa."

"Amin, Ya."

"Malamar ta yaba?"

"Ta ba mu maki goma cif."

Gaskiya ce. Zara ta tsaya a kanta, ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba. Ta ce a ranta, bari ta gama ci tukuna. Da ta gama ci, ta ce bari su isa gida. Da suka isa gida, sai ta ga uwar ta wanke kwanon ta kife shi a kan akwati tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, abin da rabon da ta ji tun suna garinsu.

* * *

Ranar Lahadi da hantsi Millicent ta biyo daga coci, da ɗankwalinta mai ƙyalli, ta ja Zara waje bayan katanga.

"Kin gaya wa Mama?"

"A'a."

"Kai, Zara! To me kike jira?"

"Ba sai na gaya mata ba. Zan durƙusa."

Millicent ta sauke ajiyar zuciya. "Yauwa. Ashe kina da hankali. Minti ɗaya ne fa, ki ce na yi sata, a yi haƙuri, shi ke nan. Kowa ya san ba ki yi ba. Yayata ma da take aji biyar ta ce su kaza biyu suka taɓa kaiwa, ko ƙashi ba su gani ba. Ta ce ranar girki a gidan Malama can GRA ba a ɗora tukunya."

"To me ya sa ba wanda ya taɓa magana?"

"Wa zai yi? Ke kaɗai ce Allah ya yi wa dogon wuya da dogon baki." Ta yi dariya, ta ga Zara ba ta yi ba, sai ta rage murya. "In kina jin kunya ni ma sai in fito in durƙusa kusa da ke. Gwiwata ta saba, kullum sai na makara."

Bayan ta tafi, Zara ta koma ta tarar uwarta ta tsame waken suyan da ta jiƙa tun asuba. Ya fi na kullum yawa.

"Litinin yara sun fi ci," in ji Ya Fanna. "Na ƙara kwano ɗaya. Ɗauki mu je inji."

Zara ta ɗauka. Ita ta kai niƙa, ita ta riƙe bakin ƙyallen tata, ita ta tsaya kan tukunya har madarar ta tafaso aka zuba ruwan tsami, awara ta taso fara tas. Suka juye a buhu, suka danne da dutse. Duk wannan aiki tana maimaita kalmomi uku a zuciyarta, tana gwada su kamar takalmin aro. Na yi sata. Ta faɗe su a bakin rijiya. Ta faɗe su a banɗaki, a fili, har ta ji muryarta. Ba su yi nauyin da ta zata ba. Ta ce ashe abin mai sauƙi ne, gara da ba ta tayar wa Ya hankali a banza ba.

* * *

Litinin da safe ɗalibai suka yi layi a fili, aji-aji. Bayan addu'a da taken ƙasa, shugabar makaranta ta karanta sanarwa, sannan ta ce akwai wata yarinya da za ta yi bayani. Malama Najeeba na tsaye a gefenta, hannu a harɗe.

Zara ta fito. Ta hau dandamalin siminti, ta durƙusa. Tsakuwa ta soki gwiwarta. Daga nan sama ana hango komai: kawuna ɗari-ɗari cikin fararen hijabai da hulunan makaranta, da katanga, da kan dalbejiya, da siririn hayaƙin da ke tashi daga gindinta. Ya ta hura wuta.

"Muna jin ki," in ji shugaba.

Zara ta buɗe baki. Kalmomin na nan inda ta ajiye su. Sai kawai ta tuna uwarta tana wanke hannu sau biyu kafin ta taɓa kwanon. In abin da ke cikin kwanon nan na sata ne, to sata Ya ta ci, sata ta sa wa albarka, a kan sata ta ambaci kakarta. Kuma a gaban mutum ɗari-ɗari za ta faɗa, waɗanda in an tashi hutun tara za su je su sayi awara a hannun uwar ɓarauniya.

"Sunana Zara Wakil, aji ɗaya." Muryarta ta fita fiye da yadda ta so. "Ranar Juma'a na zo da tsaki da mai daga gidanmu. Mun dafa. Na ɗibar wa mahaifiyata ludayi biyu. Sauran an sa a motar Malama. In na yi rashin kunya a yi haƙuri. Amma ban yi sata ba."

Filin ya ɗauki guna-guni kamar an taɓa gidan zuma. Can baya wajen 'yan aji shida wata ta tafa sau biyu, ta yi maza ta daina. Shugaba ta dubi Malama Najeeba, Malama ta dubi sama. Zara ta ga kallon da suka yi wa juna, ta gane ba yau shugaba ta fara sanin inda kulolin ke zuwa ba.

Bulala shida aka yi mata a tafin hannu, aka ce ta ci gaba da durƙuso har a tashi tara. Ba ta yi kuka ba. Wani abu mai kama da daɗi ma ya cika mata ƙirji, ya daɗe yana ɗumama ta, har lokacin da ta ga masinjan ofis ya nufi get da takarda a hannu.

* * *

Ana buga ƙararrawar tara ta miƙe da gudu.

Ta tarar an kashe wutar. Ruwan da aka zuba wa murhun na ta tsuwa a kan duwatsu. Malam Yuguda ya ɗauko teburin da kansa ya fito da shi bakin titi, yana riƙe da shi a hankali kamar mai ɗauke da mara lafiya. Sauran masu talla, mai ɗanwake da mai zoɓo, kowace ta sunkuyar da kai kan kayanta.

"Fanna," in ji shi. Zara ba ta taɓa jin ya kira ta da sunanta ba. "Wallahi umarni aka ba ni. Ni ma ɗan ci da ƙarfi ne a nan."

"Na sani, Malam. Ajiye a nan, na gode."

Ɗalibai sun fara fitowa, suna zuwa gindin bishiyar da kuɗinsu a hannu, su ga wayam, su juya wajen mai ɗanwake. Babbar roba na gefe cike da awarar da aka yanka ba a soya ba, fara, a jere, an rufe da ƙyalle. Rana ta fara dukanta.

Ya Fanna na tsiyaye man da bai gama hucewa ba a galan. Ba ta ɗago ba.

"An ce kin yi magana a gaban mutane."

"E, Ya."

"An ce tun Juma'a aka ba ki zaɓi."

Zara ta sunkuyar da kai.

"Nuna mini hannun."

Ta miƙa. Tafin ya kumbura, ya yi ja. Uwar ta riƙe shi, shi ne dai hannun da ta sa wa albarka. Ta lakato ɗan mai a bakin galan ta shafa masa. Zara ta so a ce ta mare ta. Ta so ta daka mata tsawa, ta ce wa ya aike ki, ta ce da gaskiyarki za mu yi tuwo? Da ta samu abin da za ta mayar, ko abin da za ta yi wa kuka.

"Ba ki yi sata ba," in ji Ya Fanna. "Ni ma ban ci sata ba." Ta saki hannun, ta dubi robar awarar, ta daɗe tana dubanta. "Amma da kin gaya mini ranar Juma'a, da ban jiƙa wake ba."

Ta naɗa gammo. Malam Yuguda ya taya ta ɗora robar a ka.

"Koma aji," ta ce. "An kusa buga ƙararrawa."

* * *

Ba a kori Zara ba. Ta ci jarrabawar zangon, ta zo ta uku. An daina ce mata Antin Aji. Wasu 'yan manyan aji ma sukan nuna ta da baki in ta wuce, su ce ita ce. Millicent ta ce ta zama 'yar suna, saura a sa hotonta a kalanda.

Ranar girki na nan yadda take. An dai daina kai kulolin mota a gaban kowa, sai bayan an tashi. Rukunin Zara suka yi dambu, suka yi waina, suka yi miyar taushe, kowane karo Malama takan ɗanɗana ta rubuta goma ba tare da ta dube ta ba. Zara ba ta sake zuwa da kwano ba.

Gindin dalbejiya kuwa sati ɗaya ya yi babu kowa, sannan wata mata ta kafa tebur tana sayar da taliya da manja. An ce ƙanwar mai aikin gidan Malama ce. A kan duwatsun murhun Ya ta ɗora tukunyarta.

Ya Fanna takan soya awararta a gida yanzu tun da sassafe, ta ɗora a ka, ta bi garejin makanikai da bakin shaguna har unguwar Dawaki. Awarar da ta huce ba ta da farin jini. Wata rana ta sayar da rabi, wata rana ta dawo da fiye da haka, su ci da rana, su ci da yamma. Ba ta sake tayar da maganar ba ko sau ɗaya, kuma wannan shirun shi ya fi komai ci wa Zara rai.

Wata Alhamis bayan la'asar Zara ta dawo ta same ta zaune a bakin ƙofa, ta tsoma ƙafafunta a cikin robar ruwan ɗumi. Dugadugan sun tsage, idon sawun ya kumbura har ya shafe. Zara ta ajiye jaka, ta durƙusa, ta sa hannu a ruwan ta fara matsa mata.

An tambayi Zara sau da yawa ko ta yi nadama, takan ce a'a, kuma ba ƙarya take ba. In aka sake ɗora ta a kan dandamalin nan gobe, abin da ta faɗa shi za ta sake faɗa. Sai dai ta san lissafin da ba ta gaya wa kowa: ita bulala shida ta sha, hannunta ya warke cikin kwana huɗu. Sauran duka uwarta ce ke biya, da ƙafa, kullum, daga Manawashi zuwa Dawaki a cikin rana.

"A hankali," in ji Ya Fanna, idonta a rufe. "Wajen nan da zafi."

A kan akwati, ɗan kwanon silban na nan a kife.